Tu-sitirok na hawan duwatsu: Beta, Sherco, TM ko Rieju, wanne zan ɗauka?

Dan_Bergamo:

Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar babur ina neman shawara, kuma ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo.

Ni mazaunin Italiya ne, wajen Bergamo, shekarata shida a nan ina aikin walda a wata masana'anta. Tun ina gida nake son babur, da Jincheng ɗin yayana na koyi tuƙi, irin mai hayaƙin nan da ake zuba ma baƙin mai a gefe. To nan garin da nake mutanen nan enduro, wato tseren babur a daji da duwatsu, kamar addini suka ɗauke shi wlh, ranar Lahadi da sassafe za ka ga motoci ɗauke da babura sun nufi duwatsu, tsoho mai furfura da jikansa kowa da nasa. A watan Agustan 2025 aka yi gasar nan ta kwana shida ta duniya, ISDE, a nan Bergamo, wani abokin aikina ya ja ni muka je kallo, tun ranar ban sake samun sukuni ba. Ya ara min nasa sau huɗu na hau a filin kulob ɗinsu, na faɗi ya fi a ƙirga amma raina ya riga ya kamu.

Yanzu na ɗan tara kuɗi ina so in sayi nawa. Abin da na lura shi ne kusan duk masu hawa gangaren nan mai wuya tu-sitirok mai cc 300 suke hawa, kuma ba KTM kaɗai ba, ina ganin Beta da yawa, ga Sherco mai shuɗi, ga TM, ga wani wai Rieju, ga Fantic. Ni gsky TM ne ya shiga raina saboda kyan ƙirarsa, firam ɗin alminiyam, kana ganinsa ka san aikin hannu ne, ni kuwa mai walda ne na san aiki in na gan shi. Amma sabo kuɗinsu duk wajen yuro dubu goma ne ko sama da haka, ba kuɗin da zan yi ganganci da shi ba ne.

Tambayoyina: me ya sa har yanzu ake yin tu-sitirok alhali mu a gida an ɗauke shi tsohon yayi? Mai kafireta ko mai injekta? Kuma cikin ƙananan kamfanonin nan wanne ya fi dacewa da wanda bai ƙware ba? Tsawona bai wuce mita 1.70 ba, in wannan zai taimaka.

Bakanike_Panteka:

Wslm ƙanena. Ni ban taɓa zuwa Turai ba amma shekara ashirin da ɗoriya ina buɗe inji a Kaduna, kuma irin baburan nan guda biyu sun taɓa shigowa hannuna, na wasu Turawa masu aikin kwangila, don haka bari in amsa maka ta farko ita ce na fi sani.

Jincheng ɗin yayanka da abin da kake gani a can uwarsu ɗaya ubansu ɗaya ta fuskar yadda injin yake aiki, amma nisan da ke tsakaninsu kamar jaki da dokin sukuwa ne. Tu-sitirok fistin ya hau ya sauko sau ɗaya wuta ta tashi, fo-sitirok sai ya hau ya sauko sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Shi ya sa in girmansu ɗaya tu-sitirok ya fi ƙarfi. Sannan ba shi da bawul a kai, ba kamshaf, ba sarƙar taimin, ramuka ne kawai a jikin silinda fistin yana buɗe su yana rufewa da kansa. Kayan da babu su ba sa lalacewa kuma ba su da nauyi. Babur ɗin da za ka ɗaga daga ƙasa sau goma a rana a kan dutse, kowane kilo sai ka ji shi a ƙugunka. Waɗannan 300 ɗin kilo ɗari da 'yan kai ne ba mai a tanki.

Abin da ya sa namu na da suke da ban haushi shi ne ƙarfinsu waje ɗaya yake, ƙasa babu komai, sai ka murɗa ya yi ihu sannan ya fizga. Na yanzu sun sa wata 'yar ƙofa a bakin ramin salansa, fawa bawul, in inji na tafiya a hankali tana rufe wani sashe na ramin, in ya ɗau wuta ta buɗe. Wannan 'yar ƙofar ce ta sa 300 yake iya jan ka a giya biyu a hankali kamar tarakta ba tare da ya mutu ba. Ka ƙara da ruwan sanyaya inji da lagireto biyu, da ƙaton cikin salansar nan da kake gani ya kumbura a gaba, shi ma ba ado ba ne, shi ke mayar da man da ya so ya tsere ta salansa cikin silinda. In ya lotse a kan dutse ƙarfi ya ragu, don haka ka sa masa garkuwa tun ranar farko.

Gyara kuwa, canza fistin da ringi a tu-sitirok aikin yamma ɗaya ne, kai da kake walda za ka iya da kanka in kana da littafin da sifana mai auna ɗauri. Fo-sitirok na tsere in ya buga, kuɗin gyaran kansa kaɗai sai ka riƙe baki.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: baƙin mai. Injin nan ba shi da wani mai da ke kwance a ƙasa yana shafa kiranshaf, man da ka haɗa da fetur shi ne ransa, kamar dai ƙaramin janareto Tiger da kowa ya sani. Kashi biyu cikin ɗari, wato mililita 100 a lita 5 na fetur, in dai littafin bai ce wani abu daban ba. Kuma mai na tu-sitirok na gaske, ba wanda ake aunawa a kwalba bakin titi ba. Na ga inji da yawa da suka kama saboda mai shi ya ce bari in ƙarasa gida tukuna.

Dan_Bergamo:

Na gode Oga, Allah ya ƙara basira. Wannan bayanin fawa bawul ɗin ban taɓa jin wanda ya yi min shi haka ba, abokin nawa da Italiyanci yake yi min rabi na wucewa ta saman kaina.

Mai_Girona:

Dan Bergamo sannu. Ni ina Sifen, yankin Kataloniya, kuma Rieju nake hawa shekara uku kenan don haka ka san inda zan karkata tun yanzu, amma zan faɗa maka dalili.

Rieju a Figueres suke, kusa da iyakar Faransa, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga inda nake. Tsohon kamfani ne, tun shekarun 1930 iyalai biyu suka fara, Riera da Juanola, sunan ma daga nan aka haɗo shi. Da ƙananan babura masu cc 50 da 125 aka san su. Abin da ya faru shi ne a 2019 masu KTM suka sayi mafi yawan GasGas, wanda shi ma nan Girona yake, sai suka ce su sunan suke so, za su riƙa yin GasGas da injin KTM fentin ja. To tsohon GasGas EC na asali fa? A 2020 Rieju suka sayi ƙirarsa suka ci gaba da yin sa da sunan MR. Ma'ana MR 300 da ka gani tsohon GasGas ne da aka daɗe ana gogewa, duk wani bakanike a nan ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa, kayan gyara kuma har na tsohon GasGas na ƙarshe-ƙarshen nan da yawa suna shiga.

Abin da ya sa na zaɓe shi: kafireta ce Keihin, shokozoba KYB, kuma nawa yana da kik ƙari a kan sitata. Wannan kik ɗin kada ka raina shi. Ranar da kake cikin kwazazzabo batir ya yi sanyi bayan ka ta da inji sau talatin, babu gangaren da za ka tura, a nan za ka san darajarsa. Yawancin sababbin yanzu sun cire shi don rage nauyi, wasu sai ka saya daban a sa maka. Kuma kuɗinsa ya ɗan fi sauƙi in ka gwada da kayan da ke jikinsa.

Maganar kafireta da injekta, ni ra'ayina a fili yake. KTM suka fara sa injekta a tu-sitirok na enduro a 2017, wanda suke kira TPI, daga baya suka koma wani salon injekta mai suna TBI, kuma ba don masu hawa sun roƙa ba ne, dokar hayaƙi ta Turai ce ta matsa, Euro 4 sannan Euro 5. Injekta tana da amfaninta ban musa ba, tana shan mai kaɗan, kuma in ka tashi daga bakin teku ka hau dutse mai mita dubu biyu kwamfutar ce ke gyara haɗin mai da iska da kanta. Kafireta kuwa kai za ka canza jet da allura in yanayi ya canza sosai. Amma kafireta in ta yi gardama a daji sukundireba ɗaya ya ishe ka, ka kwance ka hura ka mayar. Famfon mai ko wani sensa in ya tsaya sai dai a jawo ka da igiya. Ni mutumin Gusau ne, na taso ina ganin ana gyara abu ba a jefar ba, hankalina ya fi kwanciya da abin da nake iya gani da idona.

Sai dai gaskiya ɗaya, MR ba shi ne mafi sauƙin nauyi a cikinsu ba kuma sirdinsa na da tsawo, kai da ka ce 1.70 sai ka je ka zauna a kai tukuna.

Dan_Damagaram_Faransa:

Salamu alaikum. Ni ɗan Nijar ne, ina kudancin Faransa, kuma nan ƙasar Sherco ce, masana'antarsu ta enduro tana Nîmes. Mai Girona ya yi ma nashi talla to bari ni ma in yi ma namu, amma ba zan ce ka saya ba.

Sherco yaro ne a cikinsu, 1998 aka kafa shi, da motocin tirayal suka fara, waɗannan marasa sirdi da ake hawa kan duwatsu a tsaye. Sunan ma daga Bultaco, tsohon kamfanin moto na Sifen, da motonsu Sherpa aka ciro shi. Wannan asalin na tirayal kana jin shi a SE 300, moto ne ɗan dunƙule, yana juyawa a ƙaramin waje, fawa bawul ɗinshi na lantarki ne, tankinshi ya ɗan haura lita 10, wanda a doguwar fita yana da amfani don tu-sitirok akwai shan mai. Masu cewa ƙananan kamfanoni ba su kai KTM ba su je su duba Wade Young, ɗan Afirka ta Kudu, da Sherco ya ci Romaniacs a Romaniya a 2018, ga Roof of Africa da ake yi a duwatsun Lesotho ya ci ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ga Mario Roman ɗan Sifen shi ma ya yi shekaru yana tsere da Sherco. Kuma ku 'yan Najeriya da kuka san TVS ta keke, su ne suka haɗa gwiwa da Sherco suka yi shekaru suna shiga tseren Dakar tare.

Amma ɗan uwa ga abin da nike so ka ji. Kai kana Lombardiya, yankin da Bergamo take. Kafin ka dubi launi ko firam, buɗe taswira ka duba dila nawa ne na kowane kamfani a cikin tafiyar minti talatin daga gidanka, ka je ka tambaye su in hannun kuloci ya karye ko lagireto ya fashe yau Asabar, yaushe zan samu? Domin za su karye, wannan ba ko shakka, enduro kenan. Ni na zaɓi Sherco ne don mai sayar da shi yana bayan unguwarmu kuma mutanen da nike fita da su rabinsu shi suke hawa, in abu ya lalace a daji wani na da shi a jaka. Da a Italiya nike wallahi da wuya in wuce Beta.

Hajiya_Mai_Xtrainer:

Ku yi haƙuri in shigo maganar maza, ni ma ina hawa, ni da maigidana, muna wajen Firenze. Na karanta duk abin da aka rubuta kuma kowa ya faɗi gaskiya amma an bar abu mafi muhimmanci a tambayarsa: ya ce bai ƙware ba, hawa huɗu ya yi, kuma tsawonsa 1.70.

Malam Dan Bergamo, TM babur ne mai kyau ƙwarai, ba wanda zai ce maka a'a. A Pesaro ake yin sa tun ƙarshen shekarun 1970, kamfani ne ƙarami wanda tsere ne a jininsu, har injin kananan motocin tseren kat suna yi kuma sun yi suna a nan. Amma babur ne da aka yi wa wanda ya riga ya iya. Shokozobansa a tsaye take don mai gudu, injin yana amsawa nan take, in hannunka ya ɗan zame a kan totur a gangare ba zai jira ka ba. Irin wannan ba ya koya maka hawa, tsoro yake koya maka, kuma mai jin tsoron babur ɗinsa ba ya fita da shi, sai ya zauna a gareji ana goge shi. Na ga haka ta faru da mutum biyu a kulob ɗinmu, dukansu da manyan 300 na tsere suka fara, ɗaya ya sayar bayan wata bakwai.

Beta suna nan kusa da mu a Rignano sull'Arno, kuma sun fi kowa tsufa a cikin waɗanda ka lissafa, tun 1905 da kekuna suka fara. A 2013 suka fito da tu-sitirok nasu na enduro, RR 250 da 300, sannan a 2015 suka fito da Xtrainer. Shi wannan Xtrainer ɗin don irinka da irina aka yi shi. Injin 300 ne amma an lallashe shi, salansar daban ce, ƙarfin yana zuwa a hankali daga ƙasa ba fizga. Firam ɗin ya fi na RR ƙanƙanta, sirdi wajen santimita 91 maimakon 93, nauyi ƙasa da kilo 100 kaɗan. Santimita biyu kamar ba komai ba ne a takarda, amma a kan hanyar alfadarai da mutanen nan ke kira mulattiera, inda duwatsu ke motsi ƙarƙashin taya kuma gefe ɗaya rami ne, ko ƙafarka ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba shi ne bambancin tsayawa da faɗuwa.

Sannan maganar haɗa mai da Oga Bakanike ya yi, Xtrainer da RR na gama-gari manya suna da ɗan tankin baƙin mai daban ƙarƙashin sirdi, famfo na lantarki ne ke aunawa yana turawa, kai fetur zalla za ka sha a gidan mai. Samfurin tsere, wanda suke kira Race, shi ne aka cire masa wannan, da hannu ake haɗawa. Kuma duk kafireta ce, don haka Mai Girona ma ba zai yi faɗa ba.

Inda ya gaza zan faɗa maka don kada ka ce na ɓoye: shokozoban gaba ƙarama ce, milimita 43, na RR 48, mai laushi ce, in ka fara gudu sosai a kan kwari da tudu za ka ji ta kai ƙarshe. Tankin ma bai kai lita 9 ba. Ranar da ka ji babur ɗin ya yi maka kaɗan, to ka iya kenan, ka sayar ka hau RR ko TM ɗin da kake so, kuma Xtrainer na hannu ba ya daɗewa a kasuwa a nan. In kuwa kana ganin kamar kamfanin ba na manya ba ne, Steve Holcombe da Brad Freeman 'yan Ingila da Beta suka yi ta cin kambun duniya na EnduroGP, tun daga 2017 suka yi shekaru suna karɓa-karɓa tsakaninsu.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba. Kada ka kashe kuɗin duka a babur. Hular kwano mai kyau, takalmin enduro, kariyar gwiwa da ta ƙirji, waɗannan kafin komai. Kuma ka yi rajista da moto kulob ka karɓi katin hukumar babura ta Italiya, FMI, don a Lombardiya ba ko'ina aka yarda ka shiga daji da inji ba, yawancin hanyoyin gona da na daji haramun ne, jami'an gandun daji suna cin tara mai zafi. Mu baƙi ne, takardar zama muke sabuntawa, bai kamata a ce an kama mu a inda aka hana ba. 'Yan kulob sun san inda ya halatta kuma suna shirya fita ta gayya mai izini. Lamba, inshora, lasisin da ya dace da babur ɗin, duk ka tabbatar kafin taya ta taɓa titi.

Mai_Girona:

Hajiya ta gama magana gsky. Na janye, ga wanda yake farawa kuma yana Italiya Xtrainer ya fi MR dina dacewa. Su Rieju ma suna da nasu mai saukin hali, Ranger, sirdi ƙasa-ƙasa, amma dila kusa ya fi komai kamar yadda na Damagaram ya ce.

Fantic kuma da ba wanda ya taɓo, su ma na Italiya ne, 1968, masu Caballero. Ƙananan tu-sitirok ɗinsu kamar XE 125 a kan Yamaha YZ aka gina su, kuma sun sayi masana'antar inji ta Minarelli da ke wajen Bologna daga hannun Yamaha, a nan suka yi injin XE 300 mai injekta da sitata. Na gan shi a wajen tsere yana da kyau amma shi ma na masu gudu ne, kuma bai daɗe a kasuwa kamar sauran ba.

Saurayin_Jos:

Ni tambayata daban ce, ku taimaka. Duk wanda ya san Jos ya san muna da duwatsun da in Turawan nan suka gani za su yi hauka, Shere Hills kaɗai ta isa, ga tsofaffin ramukan kuza. In mutum ya samu hali ya sa aka auno masa irin wannan a kwantena, zai yi aiki a nan? Kuma naji ance KTM ta karye, gaskiya ne? in haka ne ai gara ƙananan.

Bakanike_Panteka:

Saurayin Jos, aiki zai yi mana, amma ka saurara da kyau.

Na farko in za ka kawo, mai kafireta za ka kawo, wannan ba ra'ayi ba ne. Mai injekta yana son fetur mai tsabta da kwamfutar dila in ya kawo matsala, mu kuwa wani lokacin man da za ka sha a jarka har ruwa da ƙasa za ka samu a ciki. Ko mai kafiretar ma sai ka riƙa tace mai. Jos tana sama da mita 1,200, iska ta fi ta bakin teku sirantaka, in aka kawo shi da saitin can zai riƙa shan mai fiye da kima yana jiƙa fulogi, sai an rage jet. Ka sa a haɗo maka jet kala-kala a cikin kayan, ba su da tsada kuma ba za ka same su a Panteka ko Kofar Ruwa ba.

Na biyu ƙura. Matatar iskarsu soso ce da ake wankewa a shafa mata mai na musamman. A hunturu in ka fita sau ɗaya sai ka wanke. In ƙura ta wuce ta shiga silinda, ka sani cikin silindar nan ba irin na Boxer ba ne da za mu kai a yi boring a sa fistin obasayiz, wani shafi ne mai tauri aka yi wa alminiyam ɗin, in ya karce sai dai a tura waje a sake shafawa ko a sayi sabuwa. Don haka soso uku, fistin da ringi saiti biyu, gasket, fulogi, hannun birki da na kuloci, sarƙa da sifoket, takalmin birki, duk su zo tare da babur ɗin. Tayar ma 21 gaba 18 baya mai ƙusoshi, ba kowane shago ba.

Na uku kuma shi ne ya fi damuna. Halin da ake ciki na tsaro ka sani, jihohi da dama an sa dokar hana hawa babur a wasu wurare ko wasu lokuta, kuma mutum a daji kan babur mai ƙara, fuska a rufe da hular kwano, kowa zai iya yi masa mummunar fahimta, jami'an tsaro ko 'yan sintiri ko mutanen ƙauye da aka sha kai wa hari. Kada ka fita kai kaɗai, ka je ka gaida mai unguwa ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, takardun kwastan da na rajista a jikinka, kuma ka nisanci gonakin mutane da dabbobinsu.

Dan_Damagaram_Faransa:

Maganar KTM, eh a ƙarshen Nuwamban 2024 sun shiga kotu a Ostiriya don bashi ya yi musu yawa, masana'anta ta tsaya na wani lokaci. Amma ba su mutu ba, Bajaj na Indiya, masu Boxer ɗin nan da ke cike da garuruwanmu, da ma suna da hannun jari a ciki tun da daɗewa, su suka zuba kuɗi a 2025 suka karɓi ragama. Husqvarna da GasGas na yanzu duk gida ɗaya ne da KTM. Lokacin da abin ya faru mutane da yawa a nan sun juya wajen Beta da Sherco don tsoron rashin kayan gyara, na gani da idona a kulob ɗinmu. Amma kada mu zalunce su, a tseren Erzberg, dutsen ƙarfen nan na Ostiriya inda mutum 500 ke tashi 'yan ƙalilan su kai ƙarshe cikin awa huɗu, Manuel Lettenbichler da KTM 300 ya yi ta ci a 'yan shekarun nan. Moto ne na ƙwarai, kuɗinshi da na kayanshi ne ke da zafi.

Dan_Bergamo:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Oga Bakanike, Mai Girona, na Damagaram, musamman Hajiya. Jiya bayan na tashi aiki na je wajen dilan Beta da ke kusa da mu, minti goma sha biyar ne a mota, na zauna a kan RR 300 na zauna a kan Xtrainer. A RR da kan yatsu ɗaya nake taɓa ƙasa sai na karkata, a Xtrainer ƙafa biyu suna taɓawa duk da ba duka tafin ba. Akwai wani na hannu a wajen, na shekara biyu, awa 60 da wani abu a agogonsa, mai shi ya riga ya sa garkuwar salansa da ta ƙasan inji da fankar lagireto na aiki, kuma ragowar kuɗin zai ishe ni takalmi da hula da rajistar kulob.

TM ɗin har yanzu yana raina ba zan ɓoye ba, na tsaya na daɗe ina kallon waldar firam ɗin wani da aka kawo gyara a wajen. Amma zai jira.

Oga Bakanike, ranar Asabar zan koma da abokin aikina mu duba na hannun da kyau. Ban da cire soso in leƙa ko ƙura ta wuce, da girgiza tayoyi in ji ko boris ya yi wasa, me kuma zan duba kafin in biya?

Bakanike_Panteka:

Ka ce kada su ta da shi kafin ka zo, ka taɓa silinda da hannunka ka tabbatar da sanyi, sannan a ta da shi a gabanka ka saurara. In sun yarda a kwance salansa ka haska tocila ta ramin, za ka ga gefen fistin da ringi, in akwai karce a tsaye ka rage kuɗin fistin ko ka bar shi. Duba ƙarƙashin firam da bayan lagireto ko an taɓa miƙewa, wannan kai ka fi ni ido. Buɗe murfin lagireto ka ga ruwan ba mai a ciki, ka duba man giya kada ya zama fari kamar madara. Ka tambaye shi wane baƙin mai yake zubawa a ɗan tankin, in ya tsaya yana tunani to ka ƙara dubawa sosai. Kuma lambar firam ta yi daidai da ta takarda.